Ƙarin garantin sabuwar mota: kada ka biya a ranar saye

Akwai ciniki na biyu da ke jiran duk wanda ya sayi sabuwar mota fil daga kamfani, kuma shi ne wanda ba a shirya masa daga gida. An daidaita farashi, an zaɓi launi, an shiga ofis don sa hannu. A nan ma'aikaci zai turo wata takarda daban, ya sassauta murya ya ce, "Ranka ya daɗe, garantin kamfani shekara uku ne kacal. Bayan nan idan giyabos ya tsaya ko kwamfutar motar ta ƙone, aljihunka ne zai ji a jikinsa." Sai ya ce da ɗan ƙarin kuɗi za a tsawaita garantin zuwa shekara biyar ko bakwai. Wanda ya riga ya fitar da miliyoyi, a wannan lokacin komai kaɗan ne a idonsa. Ra'ayina shi ne ya mayar da takardar, ya ce sai ya yi shawara.

Na san yawancinmu 'yan Kwatano muke hawa, waɗanda garantinsu ke ƙarewa a bakin filin dillali. Amma masu sayen sabuwa ba su ƙare ba. Akwai 'yan kasuwa da kamfanoni da ma'aikatu, ga kuma 'yan'uwanmu mazauna Amurka da Ingila, inda wannan sana'a ta fi kafuwa.

Garantin da ke zuwa da mota ba kyauta ba ne, kuɗinsa na cikin farashin da ka biya. A Amurka, Toyota na ɗaukar nauyin kusan dukkan motar na shekara 3 ko mil 36,000, injin da giya kuwa shekara 5 ko mil 60,000. Hyundai na ba wa mai saye na farko shekara 10 ko mil 100,000 a kan injin da giya. Kia a Turai shekara 7 take bayarwa. Kowace ƙasa da nata sharaɗin, don haka mutum ya duba littafin da ke cikin motarsa. Abin lura shi ne sau da yawa ƙarin garantin da ake sayarwa, daga ranar da aka sayi motar ake fara lissafa shi. Wanda aka ce wa "shekara bakwai" alhali yana da uku na kamfani, huɗu ya saya, kuma ya biya kuɗin abin da ba zai amfane shi ba sai bayan shekara uku. Sannan aibin da aka ƙera mota da shi galibi da wuri yake bayyana, tun garantin asali na aiki. Idan kuma aibin ya shafi lafiyar fasinja, kamfani kan yi kiranye ya gyara kyauta ko garanti ya ƙare, kamar yadda aka yi wa miliyoyin motoci masu jakar iskar Takata.

Lissafin ba shi da wuya. Mai sayar da wannan takarda ba don Allah yake yi ba. Dole abin da yake karɓa daga jama'a ya fi abin da yake kashewa a gyara, bayan an cire ladan dillalin da ya tallata maka ita da albashin masu duba ƙorafi. Ke nan idan aka haɗa masu saye gaba ɗaya, asara suke yi, in ba haka ba da sana'ar ta mutu tuni. Mujallar Consumer Reports ta tambayi masu motoci a 2013, ta gano kashi 55 cikin ɗari na waɗanda suka sayi ƙarin garanti ba su taɓa amfani da shi ba. Waɗanda suka yi amfani da shi ma, a matsakaicin lissafi abin da suka biya ya fi abin da aka gyara masu.

Can Amurka abin har ya zama annoba. A watan Agustan 2023 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta ci tarar kusan dala miliyan 300 a kan wasu gungun masu tallan garantin mota, waɗanda suka buga kiran waya na na'ura fiye da biliyan 5 cikin wata uku kacal a 2021, wato kusan kira 15 ga kowane ɗan ƙasar har da jarirai. A 2024 kamfanin CarShield ya amince ya biya dala miliyan 10 bayan hukumar kare masu saye, FTC, ta zarge shi da tallan yaudara. Kafin nan, US Fidelis na jihar Missouri ya durƙushe a 2010, 'yan'uwa biyun da suka kafa shi suka ƙare a kurkuku. Duk waɗannan ba masu ƙera mota ba ne, 'yan tsakiya ne. Shi ya sa tambayar farko ita ce sunan wa ke ƙasan takardar: kamfanin da ya ƙera motar, ko dillalin da ya sayar, ko wani na uku da ba ka san ofishinsa ba?

Amma abin da ya fi damuna ya shafi nan gida. A tambayi kowane bakanike a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo abin da ke kashe mota a ƙasar nan. Zai lissafa maka rami, da gurɓataccen mai, da ƙura, da ruwa, da jabun baƙin mai. A buɗe yarjejeniyar ƙarin garanti a nemi shafin abubuwan da ba a biya, wanda aka saba bugawa da ƙananan haruffa, za a tarar da kusan wannan jerin. Garanti na biyan abin da ya lalace don kansa ne, ba abin da hanya ko mai ko ruwa ya lalata ba. A farkon 2022 aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka riƙa mutuwa a Legas da Abuja. Irin wannan ɓarna, takardar garanti ba ruwanta. Motocin da suka nutse a Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, cikakkiyar inshora ce kaɗai za ta dube su. Taya da batir da birki da kulochi da shokazoba kuwa, galibi kayan da ke cinyewa da aiki ake ɗaukarsu, alhali su ne ke kai mu gareji kullum.

Ga kuma sharaɗin sabis. Littafin nan mai gurabe da ake buga wa hatimi duk bayan 'yan dubban kilomita, shi ne ran garantin. Gurbi ɗaya ya tafi babu hatimi, ko ka bari rewayan unguwa ya yanke waya ya sa maka rediyo ko na'urar bin sawu, an sami hujjar ƙin biya. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya soke garantin asali don kawai ka yi sabis a wani gareji. A nan, abin da ka sa wa hannu shi za a fara karanta maka, sai dai ka kai kuka hukumar kare masu saye ta FCCPC ka jira. Mutumin Gashuwa ko Yawuri da ya sayi ƙarin shekara huɗu, ya ɗaure kansa ne da ƙarin shekara huɗu na tuƙa mota zuwa babban birni don canjin baƙin mai a farashin kamfani. A haɗa wannan da kuɗin takardar, sannan a ga ko har yanzu kaɗan ne. Idan kuma motar ta shiga haya, yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi sun fita daga maganarta.

Don haka a karɓi cikakkiyar yarjejeniyar, ba takardar talla mai launi ba, a tafi da ita gida a karanta cikin natsuwa. Akwai kuma waɗanda za su so jin ta bakin malamai, domin wasu na bambanta garantin da ya zo cikin cinikin mota da wanda aka saya daban, suna ganin na biyun ya yi kama da inshora saboda ba a san abin da za a samu ba. Wannan fage na masu shi ne.

Hujja ɗaya ce mai ƙarfi a ɓangaren masu saye, kuma ba zan raina ta ba: faɗuwar naira. A watan Mayun 2023 dala na wajen naira 460 a farashin hukuma; kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kayan gyara da dala ake shigo da su. Wanda ya biya ƙarin garanti kafin wannan girgiza, ya sayi gyaran gobe da kuɗin jiya, kuma idan giyabos ɗinsa ya tsaya bayan nan, ya ci riba babba. Sai dai girgizar da ta ba shi riba ita ce ke matse wanda ya yi masa alƙawari. Ƙaramin kamfanin da ya karɓi naira a tsohon farashi, ana neman ya sayo kaya a sabo, ko dai ya nemi dalilin ƙin biya ko ya rufe shago. Wannan hujja ba ta tsayawa sai in mai ƙera motar ne da kansa ya tsaya wa takardar.

Wanda zan yarda ya saya shi ne mai motar da makanikanmu ba su gama sani ba, kamar mai haɗa fetur da lantarki ko sabon samfurin da kayansa ba su cika kasuwa ba, wanda ke zaune kusa da garejin kamfani, kuma ya yi niyyar riƙe motar ta wuce shekarun garantin asali. Ko shi ma ya tambaya ko za a sayar masa daga baya, domin kamfanoni da dama na barin ƙofar a buɗe har garantin asali ya kusa ƙarewa. Zuwa lokacin ya san halin motarsa, ya ga yadda garejin ke karɓar ƙorafi tun yana da haƙƙin gyara kyauta. Sauran kuwa su ware kuɗin gefe da sunan gyara, a cikin abin da ba ya narkewa da naira, su riƙa canza baƙin mai a kan lokaci.