Hanyar Yanke a Kan Kibod

Daga bakin titin Nnamdi Azikiwe zuwa cikin unguwar Nasarawa a Kaduna, ba a rasa ƙananan shagunan da ake buga takardu, a ɗauki hoton fasfo, a cike wa ɗalibai fom ta intanet. Wasu daga cikinsu har koyar da kwamfuta suke yi. Duk wanda ya leƙa ajin yamma zai tarar da yara biyu ko uku sun yi wa kwamfuta ɗaya rumfa, janareta na ƙugi a waje. Yaron da yatsunsa ke rawa a kan waya kamar na makaɗin kalangu, da an zaunar da shi gaban kwamfutar tebur sai ya riƙe linzami kamar ƙwai, yana lalube, kuɗin awarsa na ƙonewa.

Abin da wannan shafi ke nema wa yaran bai kai kuɗin litar fetur ba. Takarda ce fallen ɗaya, da Hausa, mai ɗauke da hanyoyin yanke na kibod, a manna ta a bango kusa da kowace kwamfuta, a kuma ba kowane ɗalibi tasa ya tafi da ita gida.

Iyaye da kakannin yaran nan da yawa masaƙa ce ta kawo su wannan yanki. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, unguwanni irin su Makera da Nasarawa suka cika da ma'aikata. Tun da KTL ta rufe a 2002 waccan ƙofa ta yi ta ƙuntata. Ƙofar da ta rage wa jikokin tana bi ta kan kibod ne. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita gaba ɗaya a 2015, WAEC ma ta soma da masu rubutawa daga waje a 2024.

Ita kanta JAMB ta gane inda gizo ke saƙa. A 2017, a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta fito da tsarin da ɗalibi zai gama jarrabawa ba tare da ya taɓa linzami ba. A, B, C da D na zaɓen amsa ne. N ta kai shi tambaya ta gaba, P ta dawo da shi baya, S ta miƙa aiki, R kuma ta komar da shi idan ya fasa miƙawa. Madannai takwas ke nan a lokacin, ba su fi layi biyu a takarda ba, amma akwai yaran da ke fara jin labarinsu a safiyar jarrabawa, zuciya na dukan uku-uku.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Larry Tesler da abokan aikinsa a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya suka tsara yankewa da kwafewa da liƙawa a shekarun 1970, kwamfutar Macintosh ta 1984 ta yaɗa ɗora su a kan X da C da V, tare da Z na warware kuskure, don suna jere a ƙarƙashin hannun hagu. A shekarun 1980 masu buga takardu a ofisoshin Amurka da Ingila da manhajar WordPerfect suna da ɗan siririn kati da ake ɗorawa a kan madannan F, yana gaya musu aikin kowanne. Ƙwararrun da ke cin abinci da keken rubutu ma da takarda suka koya.

Me ya kamata takardar yaran ta ƙunsa? A nan ake yin kuskure. Wani mai shago zai sauko da dogon jeri daga intanet, layi ɗari da ɗoriya, da Turanci da ƙananan haruffa, ya manna, ƙura ta rufe shi babu wanda ya karanta. Goma sha biyu sun isa mafari, kuma a fara kowane layi da buƙatar yaro, madannan su biyo baya. Ka yi kuskure? Ctrl da Z. Kana neman wata kalma a dogon rubutu? Ctrl da F. Kana son tsallakawa daga wannan taga zuwa waccan? Alt da Tab. Ina fayilolinka? Madannin Windows da E. Za ka tashi daga kwamfutar da jama'a ke rabawa? Windows da L, ta kulle. A saman takardar kuma, da manyan baƙaƙe, Ctrl da S na adana aiki. A garin da ake ɗauke wuta babu sallama, wanda bai saba danna su ba bayan kowane sakin layi zai sake buga shafi biyar daga farko, mai aikin yana tsaye a kansa.

Takarda ta fi hoton da aka tura ta WhatsApp, domin ba ta neman caji ko data. Ɗalibin da rabonsa da kwamfuta awa ɗaya ce a yini yana iya zana kibod a bayan kwali, ya ajiye takardarsa a gefe, ya yi ta bita da daddare har yatsu su haddace. Dalilin zaɓen Hausa kuwa a fili yake: a Nasarawa Bagwari da Bajju da Atyap da Bahaushe da ita suke ciniki a kasuwa, da ita malamin kwamfutar ma yake bayani idan Turanci ya cije.

Akwai layin da ba za a taɓa samu a jerin da aka rubuta a ƙasar waje ba, shi ne na haruffa masu lanƙwasa. Katin ɗaurin aure da allon shago da takardar masallaci ko coci suna fita kullum da baki a wurin baƙi, da kafa a wurin ƙafa, a ce wai kwamfuta ba ta da su. Tana da su. Windows na ɗauke da tsarin kibod na Hausa. Idan aka ƙara shi, madannin Windows da dogon madannin tazara su ke sauya harshe, Alt na dama da k ya ba da ƙ, da d ya ba da ɗ, da b ya ba da ɓ. A cikin Word kuma, ko ba a ƙara komai ba, a buga 0199 a danna Alt da X, ƙ ta fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Idan harafin da ya gabata lamba ce ko ɗaya daga a zuwa f, sai a fara sa U+ kafin lambar, don kada Word ta haɗa su.

Masu shagunan suna da firinta, malaman sakandare suna da Hausar da za a rubuta, kuma fallen takarda ɗaya yana fitar da kwafi biyu idan aka yanka shi. A farkon shekara JAMB ke buɗe rajista, yara su cika shagunan da layi. Kowane yaro da ya karɓi takardar shaidar rajistarsa ya kamata a haɗa masa da wannan.