Saran Maciji a Ƙasar Tambuwal da Kebbe: Kira ga 'Yan Agaji

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan wata musiba da ke aukuwa ga talakawanmu na Tambuwal da Kebbe kowace shekara, tun daga faɗuwar ruwan shuka har zuwa lokacin da ake ɗaure dammunan gero da dawa, wato saran maciji, da kuma irin taimakon da ake yi wa wanda aka sara, wanda sau da yawa ya fi dafin kansa illa.

Manomi da makiyayi da mai itace, daga Sanyinna da Jabo da Dogon Daji har zuwa dazuzzukan Kuchi, kowa ya san kububuwa, ya kuma san kasa da kumurci. Amma kaɗan ne suka san cewa dafin kububuwa aikinsa hana jini daskarewa ne, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da fitsari da duk wani tsohon miki da ke jikinsa. To, idan haka al'amarin yake, ina hikimar a ɗauko aska a tsattsaga wurin saran, alhali kowace tsaga ƙofa ce aka buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba? Haka nan ɗaure ƙafa tamau da igiya ko tsumma, wanda muka gada kaka da kakanni, ba ya tsare dafin, sai dai ya hana jini isa ga gaɓar, ta kumbura ta ruɓe, har a kai ga yanke ta. Tsotsa da baki da ɗora baƙin dutse kuwa ɓata lokaci ne kawai, lokacin da ran majinyaci ke bukata.

Abin da likitoci suka yi ittifaƙi a kansa ba shi da wuya. A janye mutum daga inda macijin yake, a kwantar masa da hankali, a cire masa zobe da agogo da munduwa tun kafin kumburi ya zo, sa'an nan a sa wa gaɓar kara kamar yadda maɗori ke yi wa karaya, ba tare da matsewa ba, domin kada ta motsa. Kada a bar shi ya taka da ƙafarsa; a ɗauke shi a amalanke ko babur ko mota zuwa asibiti nan take, kuma idan amai ya taso a kwantar da shi a gefen haƙarƙarinsa. Idan zafi ya tsananta a ba shi farasitamol, amma ban da asfirin da danginsa, gama suna ƙara zubar jini. Wanda kumurci ya tofa wa dafi a ido kuma, a yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta da yawa. Kada kuma a tsaya farautar macijin, don an sha samun sara na biyu ta wannan hanya. A asibiti akwai gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini a zuba a busasshiyar kwalba a jira minti 20, in bai daskare ba an tabbata dafin ya shiga jiki, sai a yi allurar maganin dafi, wadda ita kaɗai ce ke karya shi.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan jarrabawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke rasuwa a duniya duk shekara ta dalilin saran maciji, kuma a 2017 ta sanya shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A Kaltungo ta Jihar Gombe har asibiti na musamman aka keɓe masa. Mu kuwa a nan kudancin Sakkwato, wanda aka sara a ƙauyen Kebbe da damina, ga hanya ta lalace, yana iya shafe sa'o'i kafin ya ga likita, balle a ce sai an wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Saboda haka abin da aka yi masa a gona, a sa'ar farko, shi ne rabin jinyarsa.

Malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma ilmin da al'umma ba ta wadatuwa sai da shi farali ne na kifaya, wanda idan kowa ya bar shi kowa ya yi laifi. Addu'a da tawakkali ba su hana riƙo da sababi ba. A yi tofi a kan hanya, mota tana tafiya. Muna da 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam, samari masu himma da ke tsare sahu a masallatan Juma'a da filayen idi, kuma sunan da suke amsawa ya isa ya ɗora musu wannan nauyi. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, tare da sarakuna da hakimai, su gayyato ma'aikatan lafiya su horar da waɗannan samari kafin damina ta kama, limamai su yi huɗuba a kai, gwamnatin jiha kuma ta ajiye allurar maganin dafi a asibitocinmu na nan kusa, a kan farashin da manomi zai iya biya.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Tambuwal, Jihar Sakkwato.