Ingila: tsofaffin ƴan kaso a aikin kula da waɗanda aka saki

A ranar 10 ga Satumban 2024, gidajen kason Ingila da Wales sun sallami fursunoni kimanin 1,700 a yini guda, bayan gwamnati ta rage wa'adin da wasu ke yi a tsare daga rabin hukuncinsu zuwa kashi 40 cikin 100. Cunkoso ne ya tilasta matakin. Nauyin kuwa ya koma kan hukumar da ke sa ido a kan masu ɗaurin talala, wadda dama take kula da mutane kusan 240,000 kuma take fama da ƙarancin ma'aikata. An miƙa wani ɓangare na aikinta ga kamfanoni a 2014, abin bai yi kyau ba, aka maido shi hannun gwamnati a 2021.

A cikin wannan matsi ne ake ƙara jan tsofaffin ƴan kaso cikin aikin. Ƙungiyar St Giles Trust ta Landan tana horar da su har su sami takardar shaidar ba da shawara, su tarbi mutum a bakin ƙofar kaso, su raka shi neman ɗaki da asibiti. Ƙungiyar User Voice, wadda Mark Johnson ya kafa a 2009 bayan shi kansa ya yi zaman kaso ya kuma rabu da shan ƙwaya, tana kafa majalisun da masu hukunci ke gaya wa hukuma inda tsarinta ya gaza.

Dalilin a fili yake. Jami'in sa ido yana da ikon mayar da mutum kaso in ya saɓa sharaɗi, ko da rashin zuwa ganawa ne. Wa zai gaya wa irin wannan jami'i cewa ya koma shaye-shaye daren jiya? Amma zai iya faɗa wa wanda ya kwana a irin ɗakin da ya kwana, wanda ya san yadda kuɗin sallama ke ƙarewa cikin kwana biyu. (Fam 46 ne kuɗin tsawon shekaru fiye da 20, sai a 2021 aka kai shi 76.)

A nan kuma matsalar take. In aka ɗora wa tsohon ɗan kaso aikin kai rahoto, ya zama ɗan leƙen asiri a idon mutanensa, amanar ta tafi. In aka ce ya yi shiru, hukuma na iya makara ranar da wani zai cutar da matarsa. Dole a fayyace tun farko abin da zai rufe da abin da ba zai rufe ba. Akwai kuma jarabar mai da shi ɗan sa-kai marar albashi don cike giɓin ma'aikata, alhali shi ma yana neman abin sawa a baki, kuma yawan cuɗanya da tsohuwar rayuwa na iya ja shi baya.

Nijar ta kafa dokar aikin amfanin jama'a a madadin ɗauri a 2017. Dokar tana buƙatar masu bin sawun wanda aka yanke wa hukuncin a cikin unguwa, kuma a Maraɗi ko Damagaram ba a rasa tela ko kafinta da ya koyi sana'arsa a kaso, wanda zai iya wannan aiki in an horar da shi an kuma biya shi.