Tsadar manhajojin sabar: a saurari masu saye

Da kamfanin Broadcom ya sayi VMware a Nuwamban 2023, sai ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma tsarin haya. Hakan ya zo watanni kaɗan bayan faɗuwar darajar naira, alhali da dala ake lissafin kuɗin manhajojin da ke tafiyar da manyan kwamfutocin ajiye bayanai.

Buƙatun masu saye ba su wuce kima ba: a karɓi naira, a tsawaita kula da tsofaffin injuna, a kuma sayar wa kowa iya abin da yake amfani da shi. Wannan ta ƙarshen ta fi nauyi, domin ƙaramin ofishi ba ya buƙatar kayan babban banki. Ya kamata Galaxy Backbone ya yi ciniki a madadin ma'aikatun tarayya baki ɗaya kafin a kammala kasafin baɗi.