Bayan laik da sharin, ina yaron da ya ƙera jirgin gwangwani?

Na san ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan a Facebook ko TikTok. Yaro ɗan shekara goma sha biyu, ƙafa duk ƙura, yana jan jirgin ƙasa da ya haɗa da gwangwanayen madara, murafen kwalba ne ƙafafunsa, ya saka masa ɗan ƙwan tocila a goshi. Mai ɗaukar bidiyon yana ta faɗin "jama'a ku ga baiwa, a taimaka a yaɗa har ya kai ga gwamna". Ka danna laik, ka rubuta Masha Allah, wataƙila ma ka yi sharin. Bayan kwana uku wata rigimar 'yan fim ta taso, kowa ya koma can. To ina yaron? Yana nan inda aka bar shi, sai dai yanzu ya ɗauka akwai wani babban mutum da zai aiko a kira shi.

A Indabo da sauran garuruwan ƙasar Wudil, duk wanda ya yi yarinta ya san lokacin kaka. Da an yanke dawa, kara ya samu, sai ƙera motoci. Wanda ya ƙware ya wuce motar kara ya koma ta langa-langa da waya, a yanka tsohon silifa a yi taya. Ni ma na yi, kuma na sha faɗa a kan almakashin gida da na dakusar wajen yankan gwangwani. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne: wannan wasa shi ne ajin farko na aikin injiniya, kuma mu masu waya a hannu muna cikin waɗanda ke kashe shi, saboda mun mayar da shi abin kallo na minti ɗaya.

Bari ka ji yadda wasu suka ɗauki abin. A Ingila da Jamus akwai manyan mutane, wasu da jikokinsu, da ke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a lambun bayan gida, su ƙera kan jirgi da taragai da hannunsu tun daga falle ɗaya na ƙarfe ko katako. Wasu jiragen da batir suke tafiya, wasu kuwa da tururi na gaske, a zuba ruwa a hura wuta. A 1968 kamfanin LGB na Jamus ya fito da jiragen lambu masu tafiya a kan layi mai faɗin milimita 45, kuma har yau wannan awo na cikin waɗanda aka fi amfani da su. A birnin Hambug akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, inda mutane ke biyan kuɗi su shiga kallon ƙananan jirage kawai.

Kada ka ce ai su kuɗi gare su. Abin da ya raba jirginsu da na yaronmu, kafin kuɗi, shi ne awo. Ga misali da za ka iya gwadawa da kalkuletar wayarka. Tsohon layin dogon da ya iso Kano a 1911, wanda aka ƙarasa zuwa Nguru a 1930, faɗinsa milimita 1,067 ne. Raba 1,067 da 45, za ka samu kusan 24. Ke nan idan yaro zai ƙera irin tsohon jirgin da ya yi jigilar gyaɗa daga Kano, komai sai ya raba shi gida 24. Tarago mai tsawon mita 18 zai koma santimita 75, ƙofa mai mita 2 ta koma santimita 8 da 'yan kai. Sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, faɗinsa milimita 1,435 ne, shi kuma a raba gida 32. Yaron da malamin lissafi ya yi ta fama da shi a kan rabawa, ka ba shi rula ka ce ƙofar taragonsa ta yi girma, ka ga yadda zai zauna ya yi lissafin da kansa.

Kuma jirgi ya fi mota koyarwa, domin shi ba ya yafe kuskure. Motar langa-langa ko tayarta ta karkace za ta tafi. Jirgi kuwa in ƙafarsa ba ta da ɗan leɓen nan na ciki da ke riƙe ta a kan dogo, kwanar farko zai sauka. In tarago ya yi tsawo, kwana kuma ta yi tsauri, ba zai juya ba sai an ɗora shi a kan ƙananan kekuna biyu masu juyawa, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar yadda ake yi wa na gaske. In kan jirgin bai da nauyi, ƙafafun za su yi ta juyawa a wuri ɗaya ba tare da ya ja komai ba. In aka shimfiɗa layin a tsakar gida, rana za ta koya masa cewa ƙarfe na miƙewa da zafi, dole a bar 'yar tazara a mahaɗa. Gara za ta koya masa zaɓen katako, damina ta koya masa yi wa ruwa hanya. Duk waɗannan su ne matsalolin da injiniyoyin gaske ke zama a kansu.

Za ka iya cewa, ana fama da tsadar masara, wa yake ta jirgin wasa? Tambaya ce mai kyau, amma dubi abin da ke faruwa a gefenmu. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kusan kilomita 284, da reshe zuwa Dutse, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yi. Na Kano zuwa Kaduna yana hannun CCECC na ƙasar Sin. An kafa jami'ar sufuri a Daura, ga cibiyar NITT a Zariya. Wata rana 'yan kwangila za su kwashe kayansu su tafi, jirage su fara lalacewa, a nemi masu gyara. A ranar, yaran ƙasar Wudil a wane layi za su tsaya? Na masu riƙe da sifana, ko na masu tallar gyaɗa ta taga? Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, da zanen motoci tun yana yaro ya fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To me za ka yi, kai da ba gwamna ba? Na farko, in ka ɗauki yaro bidiyo, nemi izinin iyayensa, kuma ka koma bayan wata guda ka ga inda ya kwana. Na biyu, maimakon dubu ɗayan da za ka miƙa masa a gaban kyamara, sai masa rula, filaya da 'yar dalma, ka nuna masa yadda ake ciro ƙaramar mota daga mataccen DVD. Ka gargaɗe shi a kan kaifin gwangwani, da tsoffin batiran waya da suka kumbura, don suna kamawa da wuta. Na uku, haɗa shi da maƙeri ko mai walda na unguwa, ko da ranar Asabar kaɗai.

Sai ku 'yan'uwanmu ɗaliban injiniya na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil. Indabo ba nisa gare ta da ku ba. Mutum biyar cikinku sun isa su nemi izinin wani hedimasta, su shimfiɗa layi mai tsawon mita goma a harabar makaranta, su ce kowane yaro ya kawo taragon da zai hau wannan layi ba tare da ya faɗi ba. Sharaɗi ɗaya ke nan, kuma a bar 'yan mata su shiga, don masu saƙa da ɗinki ba baƙin awo ba ne.

Iyaye kuma, don Allah a rage "tashi ka bar wannan shirme". A raba masa lokaci, na karatu daban, na ƙira daban. In ka san wani yaro mai irin wannan hannu a unguwarku, kafin ka ɗaga waya ka ɗauke shi, tsuguna ka tambaye shi abin da ya gagare shi a jikin jirgin. Zai gaya maka, kuma daga nan taimakon yake farawa.