Kafin A Sayar Da Shanun Huɗa A Sayi Ƙaramar Mota

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta cika tashoshin mota da majalisun hira a nan yammacin Jihar Zamfara, wato Anka da Gummi da Bukkuyum. Maganar kuwa ita ce ta ƙananan motocin nan da ake cewa ba su shan mai, waɗanda samarinmu ke gani a waya suna cewa su ne maganin tsadar fetur.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke jigilar 'yan kasuwa da wata tsohuwar Golf, ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, "Yaya, wagga mota ta gama da ni. Duk abin da munka samu ni da yaro, gidan mai za shi." Ya ce ya yanke shawarar ya sayar da ita, ya haɗa da shanun huɗa guda biyu da mahaifinmu ya bar masa, ya tafi Kano ya sayo ƙaramar mota mai ɗan inji. Na ce ya ba ni kwana uku in yi tunani. To, abin da na gano a cikin kwanakin nan shi nake so in faɗa wa 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa da direbobi, don na san ba shi kaɗai ke wannan shawara ba.

Ban ga laifinsa ba. Ni da na fara awon hatsi tun zamanin Babangida, na sayi litar fetur kwabo 70 a 1991. A 1993 gwamnatin Shonekan ta kai ta naira 5, Abacha ya mayar da ita naira 3 da kwabo 25, kafin a 1994 ta tsaya a naira 11. A lokacin muna ganin duniya ta zo ƙarshe. Aka yi ta tafiya, 2012 naira 97 bayan yajin aiki, 2016 naira 145. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500, a 2024 kuma ta haura dubu. Mu kuwa namu ya fi na kowa zafi saboda nisa. Akwai daffon mai a Gusau wanda aka shimfiɗo wa bututu daga matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, amma da matatar ta kwanta sai tankoki suka koma ɗauko mai tun daga Kudu. A da gwamnati ke biyan kuɗin wannan dako ta wani asusu da aka kafa a 1975 don farashi ya zo ɗaya ko'ina. Da aka janye tallafi sai nisan ya dawo aljihunmu. Mutumin ƙauye ma ba a gidan mai yake saye ba, wajen ɗan bumburutu yake sayen kwalba, shi ma da ribarsa a kai. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako ta hana sayar da mai a jarka saboda ɓarayin daji, yadda kwalbar fetur ta zama kamar zinari.

Su ƙananan motocin nan ba ƙarya ake yi musu ba. Tun da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya a 1973, mutanen Amurka da suka saba da manyan motoci suka fara rububin ƙananan motocin Japan. A Japan ɗin akwai wani jinsin mota da doka ta ce injinsa kada ya wuce cc 660. Indiya ta fito da Maruti 800 a 1983, ta cika ƙasar. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya yi wata mai suna Lupo a 1999 wadda lita 3 na man dizal ke kai ta kilomita 100. Mu ma dattawanmu sun tuna Bitil da aka fara haɗawa a Legas a 1975, motar malaman makaranta da akawuna. Amma a lura, waɗannan alƙaluma da ake tallatawa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ake auna su, mota ba kaya. Kuma ba kowace ce ta yi albarka ba. Tata Nano da aka fara sayarwa a Indiya a 2009, aka ce ita ce mota mafi araha a duniya, kasuwa ta ƙi ta, a 2018 aka daina ƙera ta. Hausawa suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga lissafin da na yi wa ƙanena, da tsinke a ƙasa na zana masa. Na ce mu ɗauka Golf ɗinka in ta yi lodi tana shan lita 10 a kilomita 100, ita kuma ƙaramar tana shan lita 5. In aka tsaya nan, ƙaramar ta ci gasa. To amma mutum nawa kake ɗauka? Ya ce shida, biyu gaba huɗu baya. Na ce ita fa? Ya yi shiru, sa'an nan ya ce uku, in an matsa huɗu. To raba 10 gida shida, ka raba 5 gida uku, za ka ga abu ɗaya ne ya fito: kowane fasinja ya sha lita ɗaya da kashi biyu cikin uku. Ke nan ba abin da ka rage. Alhali kuwa ita Golf bayan mutum shida tana ɗauke da buhun gero da na shinkafa a baya, da akuya, da ɗaurin ƙorai a sama, kuma duk direba ya san kuɗin kaya su ne ribar tafiya, kuɗin fasinja na mai ne da na ɗan kamasho. Mu nan ba a shiga mota hannu rabbana. Mai zuwa kasuwar Nasarawar Burkullu da kayansa zai tafi, da wasu zai dawo. Mai ƙwarya daga Gummi kayansa ba nauyi amma suna cin wuri, ina zai cusa su a motar da bayanta ko buhu ɗaya ba ya ɗauka? Direban haya da kai da buhu ya kamata ya auna man da ya ƙona, in ya auna da lita kawai ya ruɗi kansa.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ta fi damuna. Ƙananan motocin nan tayoyinsu ƙanana ne, cikinsu kusa da ƙasa. Wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan Bagega ko Adabka da damina ya san abin da nake nufi: rairayi, laka, kwazazzabo, da ramin da in ka faɗa sai an kira samari sun tura. Motar da aka yi don titin birni in ta shiga nan, da lamba ɗaya da lamba biyu za ta yi ta gurnani, tattalin man da aka saye ta dominsa ya tafi. Yau dutse ya fasa tankin baƙin mai, gobe salansa ta tsinke, jibi shokozoba. Golf da tsohuwar Fijo kuwa, bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya a kowace tasha ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa, kayan gyaransu na gwanjo kana samu a Gummi ko Anka ba tare da ka kwana ba. Ita sabuwar mai na'ura a ciki, in ta ƙi tashi sai an ɗauko mai kwamfuta daga Gusau ko Sakkwato, ɗan ƙarfen da ya lalace kuma a aika Kano a jira mako guda. Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya: a halin da muke ciki na rashin tsaro, mutuwar mota a daji bayan la'asar ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Rayuka shida ne a hannunka. Allah Ya kiyaye.

Bugu da ƙari, kuɗin sayen fa? A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, 'yan Kwatano da muka saba da su suka yi wuya. A watan Yuni 2023 aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024, farashin kowace mota ya bi ta. Mu ce bayan ka sayar da taka sai ka cika naira miliyan uku. Mu ce kuma ƙaramar tana rage maka lita 5 kullum, a kan naira dubu kowace lita, wato dubu biyar. Sai ka yi kwana 600 kana aiki ba ciwo ba gyara kafin ka mayar da kuɗinka, kusan shekara biyu ke nan. A cikin shekara biyun nan damina biyu za ta faɗi, kai kuma ba ka da shanun huɗa, sai ka bi layin haya a bayan masu su, ka yi shuka a makare. Shanun nan ba su shan fetur, suna ba ka taki, kuma in ka kiwata su kullum daraja suke ƙarawa. Mota tun ranar da ka saye ta take raguwa.

Kada a ce na tsani ƙaramar mota. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke zirga-zirga cikin gari shi da iyalinsa, in yana da hali ya saya, za ta yi masa rana. 'Yar ƙaramar a-kori-kurar nan Hijet da ta cika kasuwannin Kano, ita ma mai ɗan inji ce, kuma ta yi daidai da ɗaukar buhu biyar ko shida daga kasuwa zuwa shago inda hanya ke da kyau. Talaka ma ai tuni ya samo tasa ƙaramar motar, wato babur, shi ya sa 'yan kabu-kabu suka fi motoci yawa a ƙauyukanmu. Waɗanda ya kamata a fara yi wa wa'azin ƙaramar mota su ne manyanmu da ke wucewa da jerin jif-jif goma, kowace da mutum biyu a ciki, da man da aka saya da kuɗin jama'a. Mai ɗaukar mutum shida da buhu huɗu a mota ɗaya ba shi ke ɓarnar mai a ƙasar nan ba.

Akwai kuma man da muke zubarwa da hannunmu. Da na bi ƙanena wajen bakanike, sai aka tarar falogi biyu sun ƙone, matatar iska ta toshe da ƙurar hunturun bara, tayoyin baya ba su da isasshiyar iska, juyen baƙin mai kuwa ya wuce lokacinsa da wata biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara wa mota shan mai. Ga gudun wuce sa'a, a taka totur har ƙasa sa'an nan a taka birki a bakin rami. Ga barin inji na aiki a tasha ana jiran fasinja ɗaya. Mu 'yan kasuwa ma da namu laifin: mutum huɗu 'yan unguwa ɗaya za su kasuwa ɗaya, kowa ya ɗauki shatar abin hawansa daban don kada ɗan'uwansa ya san abin da ya saro. Da za mu haɗa kayanmu a Kanta ɗaya da kuɗin dako ya ragu sosai. Sa'an nan akwai wani gidan mai, ba zan kama suna ba, da na sayi lita 10 a galan ɗin da na san awonsa, na ga bai kai inda ya saba kaiwa ba. Hukumar da ke duba awo ta riƙa leƙo mu, ba birane kaɗai ba.

Kirana ga Gwamnatin Jihar Zamfara da shugabannin ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum da wakilanmu na majalisa shi ne a dubi hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni, ko da cikon jar ƙasa ne da kwalbati kafin damina, a kuma tsare su. Hanya mai kyau tana rage wa kowace mota shan mai, babba da ƙarama, kuma sai da ita ƙaramar motar za ta iya shigo mana. Gwamnatin Tarayya kuma da ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas a 2023, ta tuna cewa direban da ke lodi a Daki Takwas ba zai juya injinsa ba sai ya ga inda zai ɗura gas ɗin kusa da shi. Ƙungiyar direbobi ma ta riƙa zaunar da 'ya'yanta tana yi musu irin wannan lissafi kafin dillalai su yi musu nasu.

Shi dai ƙanena ya yarda ya bar shanun har bayan kaka. An gyara Golf ɗin, na kuma saya masa ɗan littafi na ce ya riƙa rubuta litar da ya sha da kuɗin da ya samu kullum, in an yi girbi mu sake zama. In akwai direban da ya riga ya gwada irin wannan ƙaramar mota a hanyoyinmu na nan, ina roƙonsa ya rubuto wa wannan fili ya gaya mana abin da ya gani, da damina da rani.

 

Naku mai karatu kullum,
Wani mai awon hatsi,
Gummi, Jihar Zamfara.