Goro ba ya zama shaida a ofishin biza

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, da yawa cikinmu muna da ɗa ko ƙane a Turai ko Kanada, mai son matarsa ta iske shi can. An ɗaura aure gaban liman, an biya sadaki, an raba goro, unguwa duka ta shaida. Amma ranar neman biza, abin da ake fara tambaya shi ne takardar aure ta ofishin magajin gari. In babu ita, ana iya lissafa su cikin masu zaman tare ba aure.

Wasu ƙasashen sun ware wa irin waɗannan hanyarsu, amma tana da wuya. Kanada na neman shaidar zama gida guda wata 12 a jere. Ingila na neman alaƙa irin ta aure ta shekara 2 aƙalla. Faransa kuwa, tsarinta na kai wa baƙo iyalinsa na masu aure ne kawai, kuma mace guda. Hujjojin da ake so su ne takardar haya ko ta wuta da ruwa mai sunan su biyu, rasit na kuɗin da aka aiko, hotuna, saƙonnin waya da tambarin fasfo na ziyara.

To, yarinyar da ke Maraɗi gidan surukai, mijinta yana Kanada, ina za ta samo shaidar zama tare na wata 12? Aurenta halal ne, hujja ce ta rasa. Ga wani tarko kuma: tun 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura ta wakili ko ta waya, sai ango da amarya sun halarta da kansu.

Nan ne ƴan damfara ke samun shiga. Uwa ta karya jarinta ta sayi takardun jabu, kuɗi su tafi, biza ba ta fito ba. Ingila na iya hana wanda ya yi ƙarya shiga ƙasarta shekara 10. A Faransa auren bogi don takarda na jawo ɗaurin shekara 5 da tarar yuro 15,000, kusan miliyan 10 na sefa.

Shawararmu ita ce, da an shafa fatiha a je ofishin magajin gari a rubuta auren. Wanda ya makara ya nemi hukuncin alƙali. A adana kowane rasit da hotunan buki kamar yadda muke adana littafin bashi, don ko da takardar aure sai sun bincika gaskiyar zaman.

Muna kira ga limamai da masu unguwa su riƙa tunatar da waliyyai tun wurin ɗaurin aure, hukumomi kuma su kusanto da rajista ga ƙauyuka. Takardar da biza ke nema, ita ce za ta tsaya wa mace da ƴaƴanta ranar rabon gado. Allah ya sa mu gane.